Ban Ce Komai Ba

Bene na biyu a kan titin Zoo,
Ƙasanmu mai gyaran fanka, samanmu tankin ruwa,
Mu goma sha ɗaya a ɗaki mai taga guda,
Muna gina wa 'yan Kwari manhajar lissafin bashi,
Namu albashin tun Sha'aban bai fito ba.

A bakin ƙofa akwai na'urar dangwala yatsa.
Ka makara da minti biyar ta zaftare kuɗin wuni,
Ba ta jin rantsuwa, ba ruwanta da cunkoson Ɗangi.
Amma tashinmu sha ɗayan dare,
Wannan ba a koya mata lissafinsa ba.

Litinin taro a tsaye, wai zama lalaci ne.
Oga Nazifi na kaɗa makullin mota a yatsa:
"Nan gida ne, ku ƙannena ne, kowa ya faɗi cikinsa."
Jazuli ya ɗauka da gaske, ya ɗaga hannu,
Aka mai da teburinsa bakin banɗaki,
Bai ƙara ɗagawa ba.

Sai ga Huzaifa, ɗan yayar Oga, shugaban sashe.
Da hantsi ya ce kore, da la'asar ya ce shuɗi,
Da magariba ya nemi wanda ya ce a canza.
Mun iya fenti ƙwarai a wannan gida,
Tubalin ne ba a taɓa dubawa ba.

Barira ce ta gano ɓarakar.
Daga Rijiyar Lemo take, hawa biyu a adaidaita,
Kuma kullum ita ke kunna fitila.
Ta ce in layi ya katse, bashi yana ninkuwa.
Ta faɗa a taro, ta rubuta, ta sake rubutawa.
Huzaifa ya ce, "Masu zuba jari na tafe Alhamis,
Gyara mana hoton shafin farko tukuna."
Ina wurin, gurasa a bakina,
Ban ce komai ba.

Ran Asabar wani dattijo mai atamfa
Ya hawo benen da kansa, yana haki.
Waya ta ce masa miliyan huɗu inda biyu ne,
Ya kira abokin cinikinsa na Maraɗi ɓarawo,
Amanar shekara ashirin ta tafi a kira ɗaya,
Kuma kuɗi bai zo nema ba.

Oga ya rufe ƙofa. "Sashen wa ne wannan?"
Idanu goma sha takwas suka koma kan tayil.
Saƙonninta uku suna cikin wayata,
Da ranarsu, da lokacinsu.
Na tuna kuɗin haya a Hotoro,
Na tuna cikin Ramlatu ya shiga wata takwas.
Aka bar jaki, aka daki taiki,
Ban ce komai ba.

Ta ɗauki kofinta, da darduma, da caja.
A ƙofa, don sabo, ta ɗora yatsa,
Na'urar ta yi ja, ta yi ƙara sau biyu:
Tun kafin ta miƙe an goge sunanta.
Ta yi murmushi, ta sauka,
Ba ta waiwayo ba.

Ni aka ba gyaran.
Ƙarfe biyun dare, janareto na tari,
Na iske rubutunta a tsakanin layuka:
"Na gyara nan tun Talata, an hana ni sakawa.
Wanda ya zo bayana, cire wannan alamar kawai."
Na cire. Lissafi ya zauna daram.
Aikin bai kai tsawon alwala ba.

Litinin aka tafa mini a tsaye,
Oga ya ɗora mini hula mai tambarin kamfani,
Huzaifa ya ɗauke mu hoto.
Lambarta tana nan. Jiya na rubuta sallama,
Yau na ƙara "ya gida", na goge, na mayar.
Hular ta matse ni, tana kaina har yanzu,
Saƙon kuma ban tura ba.